Daga Ina "Motan Ya Lalace" Ta Samo Asali?

Duk ɗan Adogi da ya taɓa zuwa Kano karatu ko fatauci ya san wannan. Da ka buɗe baki ka ce "motan ya lalace" ko "yarinyan ya dawo", sai a tuntsire da dariya, a ce gwaranci muke yi. Akwai yaranmu da suka koma yin Turanci a makaranta don gudun wannan dariyar.

A daidaitacciyar Hausa kowane suna namiji ne ko tamace, kuma kalmar da ke gaban aikatau dole ta bi jinsinsa: motar ta lalace, gidan ya rushe. Mu kuwa a nan "ya" da "-n" sukan ɗauke aikin duka. To, me ya kawo haka?

Lafiya dai Bare-bari ne suka kafa ta, ƙarƙashin Muhammadu Dunama, wajen ƙarshen ƙarni na 18. A Barbarci kalma guda ce, "shi", ake nufin namiji da ita, ake nufin mace. Eggon da Alago da Tibi, waɗanda aka zauna da su ana ciniki da auratayya, su ma harsunansu ba su raba "ya" da "ta". Haka Fulatanci. Da Hausa ta zama harshen kasuwa tsakanin waɗannan jama'u, kowa ya koye ta da kunnen harshen uwarsa, abin da ya fara zubarwa kuwa shi ne jinsin kujera da tukunya da mota. 'Ya'yansu suka tashi da ita haka, ta zama tasu. Hatta sunan garin, Lafiyan Bare-bari aka saba ji, ba Lafiyar ba. Zuwan layin dogo daga Makurɗi zuwa Kafanchan a shekarun 1920 ya ƙaro Ibo da Yarabawa, su ma harsunansu haka suke.

Gwandara ma abin dubawa ne. Tarihin baka ya ce daga Kano suka fito, masana kuma sun tabbatar babu harshen da ya kai nasu kusanci da Hausa, amma zaman kudu ya raba shi da jinsi.

Ita daidaitacciyar Hausar zaɓenta aka yi. Turawan mulki da malaman da suka yi aiki da su sun ɗora rubutun boko a kan Kananci, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa shi tun daga 1939, Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ƙara ɗaure ƙa'idojin. Abin dariyar, a Zariya ake buga jaridar, inda Bazazzagi haifaffe yake cewa "rigan" da "motan". Bauchi ma haka. Ba mu ji an ce su ba Hausawa ba ne.

Turancin da yaranmu ke fakewa a ciki ya bi wannan hanyar tun da daɗewa. Tsohon Turanci jinsi uku gare shi, duk suka zube daga sunayen abubuwa, kuma masana da dama na danganta hakan da cuɗanya da baƙi 'yan Skandinebiya da suka zauna a arewacin Ingila. A ƙarni na 18 masu ilimi suna rubuta "you was" ba kunya, sai da Robert Lowth ya yi tir da ita a littafin nahawunsa na 1762. Har gobe a unguwannin Landan ana jin "we was".

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, mai duba takardar Hausa a WAEC da NECO ba ruwansa da Dunama. Idan yaro ya rubuta "makarantan ya buɗe", jan biro zai sha. Muna roƙon malamanmu na Hausa su riƙa koyar da "ta" da "-r" kamar yadda ake koyar da kowace ƙa'idar rubutu, su daina ce wa yaro Hausar gidansu karyayya ce, don uwarsa ce ta koya masa.