Daga Salga zuwa Sofoline: alamar da ke riga farashi zuwa

Jama'a, duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Sofoline da asuba ya san masu lodi kan riga mai shago jin kasuwa ta fara sanyi. Motocin Sunyani da Bibiani su daɗe ba su cika ba, siminti da kwanon rufi su ragu a kan lodi, alhali farashi a Kejetia bai motsa ba tukuna. To wannan karatun hanya ba yau aka fara shi ba.

Ka koma zamanin fatake. Ayarin Kano da Sakkwato kan shafe watanni kafin ya isa Salga, babbar kasuwar goron Gwanja. Madugu ba ya jiran ya iso ya tambayi kuɗin goro. A kowane zango yana tare masu komowa: jakai nawa suka fito da kaya, wace hanya aka rufe, wane sarki ya ƙara fito? Da wannan yake sanin ko ya sayar da kanwarsa a hanya ko ya riƙe.

A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan arewa ya karye, goron da ke hawowa Salga daga kurmi ya ragu. Ka lura, Salga ba ta mutu a shekarar ba. Masauki na nan, dillalai na nan. Amma masu ido sun ga goro ya karkata zuwa Kintampo, suka bi shi. Waɗanda suka ce ai Salga Salga ce suka zauna har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, mutane suka bazu Karaki, Yeji, daga baya Kumasi. Wani ɓangare na tushen zangonmu ke nan.

Sai jirgi ya sake juya lissafin. Dogo ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, wani dogon kuma ya kai Kano a 1911. Alhassan Ɗantata, ɗan Bebeji da ya yi fataucin goro a ƙasar nan, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas tun wasu na ɗaure wa jaki waga. Da gyaɗa ta buɗe a Kano, yana da jari a hannu.

Amma kada in yaudare ka, ba kowace guguwa hanya ke nunawa ba. Farashin koko ya faɗi ƙasa warwas a 1965, aiki ya yi wuya, ana ta gunaguni a kan baƙi. Alama ce, amma wa ya karanta ta a matsayin kora? A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda kwana 14 su fita. Mutane suka sayar da gida da shago a wulaƙance.

Yau Bankin Ghana na haɗa ma'auni daga cinikin siminti, kayan da ke ratsa tashoshin jiragen ruwa, wutar da masana'antu ke ci da bashin da bankuna ke bayarwa. Tambayoyin madugu ne aka zuba a kwamfuta. Kuma a 2022, kafin hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba, masu canji a zango sun yi watanni suna kallon sidi na zubewa a gaban dala.