Raƙuman dawa na Kure

Raƙuman dawa na Kure su ne garken ƙarshe da ya rage na raƙumin dawan Afirka ta Yamma, wanda masana ke kira Giraffa camelopardalis peralta. Suna zaune a yankin Kure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar. Launinsu ya fi na sauran raƙuman dawan Afirka haske. Ba a gandun daji mai shinge suke ba. Kiwo suke yi a tsakanin gonakin Zabarmawa da wuraren kiwon Fulani.

Tarihi

A farkon ƙarni na 20 ana samun wannan dabba tun daga Senegal har yankin Tafkin Chadi, haɗe da arewacin Najeriya. Farauta da saran daji da farin shekarun 1970 da 1980 suka ƙarar da ita a ko'ina, sai a Nijar. A 1996 guda 49 kacal aka ƙidaya. Wani binciken ƙwayoyin halitta na 2007 ya nuna cewa raƙuman dawan Chadi da Kamaru wani jinsi ne dabam, watau idan na Nijar suka ƙare babu inda za a samo madadinsu.

Yadda ake ƙidayarsu

Ba daga jirgin sama ake ƙidayarsu ba, kamar yadda ake yi wa giwaye a manyan dazuzzuka. Kowane raƙumin dawa yana da zanen jiki nasa na kansa, wanda ba ya sauyawa daga haihuwa har mutuwa. Saboda haka masu ƙidaya kan ɗauki hoton kowace dabba ta ɓangaren dama da na hagu, su gwada da kundin hotunan baya, su rubuta mace ce ko namiji, babba ce ko ƙarama. Da damina ake aikin, lokacin da garken ke taruwa a tuddan Kure. Jami'an gandun daji na gwamnati ne ke yinsa tare da 'yan rakiya na ƙauyukan yankin, waɗanda da yawansu kan gane dabba da ido tun kafin a buɗe kundi.

Wannan hanya tana cin lokaci, amma ta fi ƙiyasi amfani nesa ba kusa ba, domin tana nuna wace ta haihu, wane ya ɓace, da kuma inda kowanne ya ƙaura. Da ita aka bi hauhawar adadinsu har ya haura 600 wajen 2017, duk da cewa mace kan yi kusan wata 15 da ciki kuma ɗa guda take haifa. A 2018 ƙungiyar IUCN ta sassauta matsayinsu a jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Mazauni da zama da mutane

Da rani sukan gangara kwarin Dallol Boso, inda suke cin ganye da 'ya'yan gawo. Dokar Nijar ta hana farautarsu, kuma babu zaki a yankin, don haka babbar barazanar a yau ita ce raguwar itatuwa. Ana sare daji don gona da itacen girki da ake kaiwa Yamai. Su kuwa raƙuman sukan afka wa wake da mangwaron manoma, asarar da ba ƙarama ba ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Don rage wannan tsamin dangantaka ne ƙungiyoyin kare su ke haƙa rijiyoyi da ba da ƙananan rance a ƙauyuka.

Mayar da su Gadabeji

Tara jinsi guda a wuri ɗaya kasada ce, domin annoba ɗaya na iya shafe shi. A 2018 aka ɗauki guda takwas a mota, tafiyar sama da kilomita 800, zuwa gandun dajin Gadabeji da ke jihar Maraɗi, inda suka ɓace tun shekarun 1970.

A watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure. Harin ya durƙusar da yawon buɗe ido, wanda da shi 'yan rakiya ke samun abin masarufi.