Bakolori da batun kuɗin binciken zamantakewa a jami'o'i

Binciken zamantakewa shi ne nazarin yadda jama'a ke rayuwa: gonakinsu, kasuwanninsu, gadonsu da dangantakarsu da masu mulki.

Irin wannan nazari na bukatar kuɗi, domin sai an shiga ƙauyuka, an ɗauki masu tattara bayanai, an kuma shafe watanni ana tambayar jama'a. Albashin malamin jami'a ba zai ɗauki wannan nauyi ba.

Dalilin ke nan da ya sa jami'o'i ke kafa ofisoshi na musamman domin taimaka wa malamansu wajen neman tallafi da kuma kula da shi.

Darasin Bakolori

Yankin Talata Mafara, da Bakura, da Maradun a jihar Zamfara na daga cikin wuraren da suka fi nuna muhimmancin wannan aiki.

A shekarar 1978 ne aka kammala madatsar ruwan Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina domin noman rani. A lokacin yankin na cikin tsohuwar jihar Sakkwato, domin sai a 1996 aka ƙirƙiro Zamfara.

Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, dubban mutane suka tashi, kuma aka shiga takaddama kan diyya da rabon filaye.

A watan Afrilun 1980 'yan sanda suka murƙushe boren manoman. Hukumomi sun bayar da adadin mamatan da bai kai 30 ba, yayin da wasu masu bincike suka ce sun haura 300.

Yawancin abin da duniya ta sani game da lamarin ya fito ne daga malaman jami'a. Bjorn Beckman, ɗan ƙasar Suwidin da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazarin rikicin manoman da gwamnati.

Shi kuwa William Adams na Birtaniya ya nuna yadda raguwar ambaliya a fadamun da ke ƙasa da madatsar ta rage noman shinkafa da kamun kifi.

Sai dai waɗannan nazarce-nazarce sun zo ne bayan aikin gama ya gama.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

A Najeriya babbar kafa ita ce Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, wato TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun harajin ilimi na 1993. An gina asusun ne a kan harajin da kamfanoni ke biya daga ribarsu, kuma makarantun gwamnati kaɗai yake tallafawa.

Yana da tsari biyu na bincike. Akwai ƙaramin tallafin da ake nema ta hannun makarantar da malami ke aiki, akwai kuma Asusun Bincike na Ƙasa, inda ake gasa tsakanin masana daga ko'ina, kuma nazarin zamantakewa na da nasa rukunin.

A nahiyar Afirka akwai majalisar CODESRIA, wadda aka kafa a 1973, mai hedikwata a Dakar.

Daga ƙetare kuma akwai cibiyar IDRC ta Kanada, da gidauniyoyin Amurka irin su Ford da MacArthur. Ita MacArthur ta tallafa wa Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero ta Kano tun daga farkon shekarun 2000.

Aikin jami'a

Kafin a samu kuɗi, ofishin bincike ne ke sanar da malamai idan an buɗe ƙofar nema. Yana horar da su kan rubuta takardar neman tallafi da tsara kasafi, sannan ya tabbatar an cika sharuɗɗa kafin wa'adi ya cika.

Kwamitin ɗa'a kuma na duba yadda za a nemi yardar mutanen da za a yi wa tambayoyi, da yadda za a sakaya sunayensu. Wannan na da nauyi a yankin da ke fama da 'yan bindiga, inda magana ɗaya za ta iya jefa mai ita cikin haɗari.

Idan tallafi ya samu, galibi da jami'a ake ƙulla yarjejeniya, ba da malami shi kaɗai ba. Akan saki kuɗin kashi-kashi, kuma ba a sakin na gaba sai an miƙa rahoton aiki da rasitan abin da aka kashe.

Jami'ar da ta gaza bayar da bahasi takan janyo wa sauran malamanta rufewar ƙofa.

Matsaloli

Malamai sun daɗe suna kukan jinkiri wajen fitar da kuɗi, musamman bayan da gwamnatin tarayya ta tilasta amfani da asusun bai-ɗaya a 2015.

Faɗuwar darajar naira takan cinye kasafin da aka tsara tun kafin a gama aiki.

Haka nan mai bayar da kuɗi ne yakan zaɓi batun da za a bincika, abin da ke iya ture tambayoyin da suka fi damun manomi a Ruwan Gizo ko Bakura.

A shekarar 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na farfaɗo da noman rani a arewacin Najeriya, wanda ya haɗa da Bakolori, tare da bai wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa rawar takawa.

Yanzu yankin na da cibiyoyin ilimi a kusa: Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da aka kafa a 1975, da Jami'ar Tarayya ta Gusau ta 2013, da jami'ar jihar Zamfara da ke Talata Mafara ta 2018.

Ko za su iya bin diddigin yadda ake rabon ruwa da filaye a Bakolori, ya danganta ne da ƙwarewarsu wajen samo tallafi da kuma riƙe amanarsa.