Tarihin Ranar Ƙarewar Wa'adin Magani

Sai a shekarar 1979 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta wajabta buga ranar ƙarewar wa'adi a jikin magani. Ranar tana nuna iyakar lokacin da kamfani ya gwada ya tabbatar da ƙarfin maganin.

Rundunar sojan ƙasar, wadda ke asarar magunguna masu tsada, ta fara sake gwada su tare da FDA a 1986, aka kuwa tsawaita wa'adin mafi yawansu. A 2012 wani bincike a Kalifoniya ya duba ƙwayoyin da wa'adinsu ya wuce da shekara 28 zuwa 40. Kodin ɗin da ke ciki yana nan da ƙarfinsa, asfirin kuwa ya lalace. Sai dai waɗancan a rufe suke cikin kwalabensu na asali.

Ƙarfin nan da bai gushe ba shi ne babban haɗarin, domin ragowar kodin na iya tsayar da numfashin yaron da ya haɗiye shi. Tun 2010 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, DEA, take ware ranakun karɓar ragowar magunguna daga gidaje.