Harhaɗa hoto: Matakin da ke hana ɗaliban fim ɗin katun barci

Hoton da mai kallo ke gani a fim ɗin katun ba zane ɗaya ba ne. Akan zana mutum daban, gidan da ke bayansa daban, haka inuwarsa da hayaƙi da hasken fitila. Ɗora waɗannan sassa bisa juna har su zama hoto guda shi ake kira harhaɗa hoto, kuma yana cikin ayyukan ƙarshe kafin a saki fim.

A da, ana yin zanen ne a kan wata leda da ake hango abin da ke bayanta, a shimfiɗa ta bisa zanen wuri, sannan a ɗauka da kyamara. A 1937 kamfanin Disney na Amurka ya fitar da gajeren fim mai suna The Old Mill, inda aka jera zane-zanen hawa-hawa bisa gilasai domin a ga bambancin kusa da nesa. Dabarar da kwamfuta ke bi a yau kuwa, Thomas Porter da Tom Duff ne suka tsara lissafinta a 1984: kowane ɗigon hoto yana ɗauke da adadin ja da kore da shuɗi, da kuma adadi na huɗu mai nuna yadda zai rufe abin da ke bayansa. A kan wannan tushe manhajoji irin su Nuke da After Effects da Blender suke aiki.

Abin da ke wahalar da ɗalibi shi ne lissafin lokaci. Daƙiƙa ɗaya ta fim hotuna 24 ce, wato fim na minti 5 hotuna 7,200 ke nan. Idan kwamfuta na cin minti 2 kafin ta fitar da kowane hoto, aikin zai ɗauki awa 240, kwana 10 cur ba tare da an kashe ta ba. Ga shi duk jinkirin da masu zane suka yi, a kan mai harhaɗawa yake ƙarewa, ranar miƙa aiki kuwa ba ta gusawa. Ɗaliban makarantar Gobelins da ke Faris sun san haka, domin su ke shirya gajerun finafinan da ake buɗe nuni da su a bikin Annecy na ƙasar Faransa, wanda ake yi a watan Yuni.

Shi ya sa ƙwararru ba sa fitar da hoto a dunƙule. Sukan fitar da mutum da wuri da inuwa kowanne shi kaɗai. In malami ya ce inuwa ta yi duhu, sai a rage ta cikin 'yan mintoci, maimakon a sake jiran kwanaki. Haka kuma sukan adana aikin hoto ɗaya-ɗaya, ba a fayil ɗin bidiyo guda ba. Wanda aka taɓa ɗauke wa wuta yana tsakiyar aiki ba ya buƙatar dogon bayani a nan: in an tsaya a hoto na 5,000, daga nan za a ci gaba.

Bayan harhaɗawa sai daidaita launi, don kada rigar da take ja a wannan fitowa ta koma ruwan goro a ta gaba. Daga nan a haɗa murya da kiɗa, a rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin. Sauti ne ɗalibai suka fi bari sai daren ƙarshe, alhali mai kallo ya fi yafe zane mai rauni a kan muryar da ba ya ji sosai.

Kafin a miƙa fim, akan kalle shi daga farko har ƙarshe a wani allo dabam da wanda aka yi aikin a kai. A nan ake gano hoton da ya ɓace, ko leɓen da ya riga magana motsi.