Farin da na gani a fadamar Kawu

Ranar Asabar na je gida Getso, Kawu ya ja ni fadamarsa ya nuna min fangalin albasa guda shida da suka ƙi. Ganyen ya ƙone daga baki, ƙasar kuma ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Ya ce, "Ɗan nan, kanwa ce ta taso." Kuɗin iri da na man inji duk bashi ne, sai ya cire albasa zai biya. Tun daga ranar nake bin tarihin abin, na ce bari in kawo muku.

Yadda abin yake: kowane ruwa yana ɗauke da ɗan gishiri. In ka yi ban ruwa, rana ta shanye ruwan, gishirin yana nan a ƙasa. In babu magudanar da za ta wanke shi, shekara da shekaru sai ya taru ya hana saiwa shan ruwa. Shuka na cikin laima amma ƙishirwa na kashe ta.

Matsalar ta girmi kakanninmu. A kudancin Iraƙi, tsakanin kogin Dijla da Furat, manoma sun yi ban ruwa fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Masana da suka karanta allunan lissafinsu sun ga alkama tana raguwa, sha'ir yana maye gurbinta, wasunsu kuma sun danganta hakan da gishirin da ya cika gonakin. Sha'ir ya fi alkama jure gishiri, shi ya sa suka koma masa.

Mu ma muna da namu labarin. Gishirin Balma da kakanninmu suka ci, daga Kawar yake zuwa, can arewa maso gabashin Nijar. Ayarin Buzaye kan tashi daga Azbin bayan damina, su ratsa saharar Tenere zuwa Fachi da Balma da gero a kan raƙuma, su dawo da kantun gishiri da dabino. Ku lura da wannan: wurin da ake haƙar gishiri, nan dabino yake bayar da 'ya'ya. Mutanen can ba su ɓata ƙarfinsu kan gero ba, sun riƙe itacen da ƙasarsu ta yarda da shi, suka yi musaya da shi. Baturen nan Barth, da aka fi sani da Abdulkarim, ayarin gishiri ya biyo daga Azbin kafin ya iso Kano a 1851, kuma ya rubuta yadda kanwa ke ratsa kasuwar Kano da yawa zuwa ƙasar Nupe. Wato mun daɗe da sanin kanwa a buhu. A cikin gona ne take mana baƙunta.

Dalili kuwa, noman ranin da ya gabata na jigo ne da ƙwarya, ɗan lambu a bakin rafi, damina ta zo ta wanke. Daga zamanin Gwamna Audu Bako aka shiga gina madatsu: Tiga a 1974, ga Watari a Bagwai, ga Guzuguzu a nan Kabo, daga baya Challawa a Ƙaraye. Sai injin ban ruwa ya shigo hannun kowa. Alheri ne babba, ban musa ba. Amma mun koyi shigar da ruwa gona, ba mu damu da hanyar fitarsa ba.

Wasu ƙasashen sun mayar da abin ilimi. A Dubai, tun 1999 akwai cibiyar ICBA da ke gwajin amfanin gonar da ke rayuwa da ruwan gishiri, kuma Bankin Raya Ƙasashen Musulmi na cikin waɗanda suka kafa ta. A tsibirin Texel na ƙasar Holan an gwada dankalin turawa da ruwa mai gishiri-gishiri, aka sami irin da ya jure.

Abin da binciken masana ya tabbatar: albasa da karas su ne ke fara faɗuwa, masara da tumatir ba su da nisa da su. Alkama da dawa sun fi dauriya, sai auduga da sha'ir da dabino a gaba. Kawu ya zuba abin da ya fi komai rauni a ƙasar da ta fi ko'ina kanwa, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa.

Mun yi shawara da shi: a fasa rami a gangaren fadamar ruwan damina ya samu mafita, a loda takin gida, baɗi ya gwada alkama a fangalin da suka yi fari, albasa ta koma tudu. Ni kuma na ɗebo ƙasar a leda zan kai a auna.

Manoman ranin Gwarzo da Kabo da Ƙaraye, wa ya ga irin wannan farin a gonarsa, kuma me ya shuka ya yi? Ku faɗa mana, wani ya tsira da jarinsa. Allah Ya rufa mana asiri.