Maganin gyambon ciki mai zubar da jini

Gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa, kan ci har ya huda jijiya, sai mutum ya yi aman jini ko baƙin kashi kamar kwalta. Yawanci ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce sanadi, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostiraliya a 1982. Sai kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da ake saye a kemis ana afawa ba ƙaƙƙautawa.

Jiƙon kanwa ba ya tsayar da wannan jini. A Kalpohin da sauran unguwannin Tamale, Asibitin Koyarwa na Tamale ne babban wurin da ake garzayawa da mai wannan larura. Likita kan fara da ƙarin ruwa ko jini, sannan allurar omeprazole ta jijiya, miligiram 80 a karon farko, don rage tsamin ciki jinin ya samu ya daskare. Idan jijiyar babba ce, sai an zura na'urar leƙa ciki an toshe ta. In an samu ƙwayar cutar Helicobacter pylori, akan haɗa omeprazole da amoxicillin da clarithromycin na kwana 14.